Karrama tsohuwar shugabar ma'aikatan jinya: abin da aka tsayar

Na tattara abin da jama'a suka faɗa, ga shi a taƙaice:

1. Kowa ya yarda a karrama ta tun tana raye, ta ji da kunnenta.

2. Mafi yawa sun ce waɗanda ta horar su ne za su yi magana, ba manyan baƙi ba. Wata ta tuna yadda take tsayawa a bayanta a aikin dare, ba ta cewa uffan har sai ta sami jijiya, daga baya ta gyara mata riƙon allura a keɓe, ba a gaban majinyaci ba. Irin wannan ake son ji.

3. Rana: 12 ga Mayu, Ranar Ma'aikatan Jinya ta Duniya, wato ranar haihuwar Florence Nightingale a 1820.

4. A nan aka rabu. Wasu na son lambar yabo da liyafa, wasu sun ce a tara kuɗin a ɗauki nauyin karatun ɗalibar jinya da sunanta. Ni dai ina tare da na biyun, allon yabo ƙura yake sha a bango.

5. A fara tambayarta, don ba ta son hayaniya.