Wasan Kirsimeti da sabon salo: me kuka taɓa gani a majami'arku?

Malamar makarantar Lahadi: Salama, 'yan'uwa. An sake ɗora mini shirya wasan haihuwar Yesu na bana, ga shi manyan yaran ajina sun ce sun gaji da yafa zanen gado su zama makiyaya. Duk wanda ya taɓa gwada wata hanya dabam, ko ya zauna ya kalla, ya ba mu labarin yadda ta kaya, har da inda ta ɓaci.

Shugaban matasa: Mu labaran talabijin muka mai da shi. Yarinya ta zauna a tebur tana karanto kanun labarai: Kaisar Augustas ya ba da umarnin ƙidaya, kowa ya nufi garinsu. Sai ta sada mu da wakilinmu a Baitalami, yana hira da wani makiyayi da jikinsa bai daina rawa ba. Ribar da muka ci tun wajen rubuta tambayoyin ne, don dole muka buɗe Luka 2 da Matiyu 2. Nan yaran suka tarar babu mai masaukin da ya fatattaki Yusufu, babu jaki, kuma Matiyu bai ce masanan da suka kawo wa jaririn kyautai su uku ne ba. Kyautai ne uku: zinariya, lubban da mur. Wani yaro ya yi ta musu har sai da ya karanta da idonsa.

Dattijon ikilisiya: 'Ya'yana, ni wanda na gani bai kwanta mini ba. An haska allo, wai Jibra'ilu ya turo wa Maryamu saƙon waya, Yusufu kuma yana neman ɗaki ta intanet. Tun daga farko har ƙarshe dariya ake yi. Da aka zo inda Maryamu ta ce ita baiwar Ubangiji ce, ko mutum ɗaya bai ji ba. Yarinyar da ke fuskantar abin kunya da zai iya kai ta ga jifa, mu kuma muna tafi. Na tashi raina a ɓace.

Mawaƙiya: Baba, kun yi gaskiya kan wannan, amma ku yi mini haƙuri in ƙara. Wasan da muke kira na da, shi ma sabo ne wata rana. A 1223 ne Francis na Assisi, wani waliyyin Katolika, ya kai bijimi da jaki da ciyawa cikin wani kogo a Greccio, ƙasar Italiya, don jama'a su ga talaucin haihuwar nan da idonsu. Mu a bara ba mu bar kowa ya zauna ba. Aka kashe fitilu, aka raba mutane rukuni rukuni, suka riƙa zagaya harabar majami'a. Farko teburin ƙidaya, inda sojojin Roma ke daka tsawa suna rubuta suna. Daga nan ƙofofi a rufe, ka ƙwanƙwasa a ce babu wuri. Kafin a iso wurin jaririn, hayaniya ta mutu da kanta, ba wanda ya ce a yi shiru. Matsala ɗaya, tsofaffi masu ciwon ƙafa sun sha wuya, don haka a tanadi kujeru a kowane zango.

Uwar yara: Namu ya ɗauko sashen da aka saba tsallakewa, wato Matiyu 2:13-18. Wata uwa daga Baitalami ce ta ba da labarin ita kaɗai: yadda sarki Hirudus ya sa aka kashe yara maza daga shekara biyu zuwa ƙasa, da yadda Yusufu ya tashi da dare ya gudu da iyalinsa Masar. A shekarar da muka yi wasan, wato 2023, wata majami'ar Lutheran a Baitalami ta kwantar da siffar jaririn cikin ɓaraguzan gini saboda yaƙin Gaza, kuma daga nan masu shiryawa suka samo tunanin. Manya sun yi hawaye. Amma ba a sanar da iyaye ba, 'yata ta kwana tana tambaya ko sojojin za su zo gidanmu. In za ki taɓa wannan sashe, 'yar'uwa, ki fitar da ƙanana tukuna.

Mai kula da na'urori: Lokacin korona a 2020 kowane gida ya ɗauki nasa ɓangare da waya, ni na haɗa. Mala'ikanmu a kan kujerar falo ya tsaya. Shawarata ɗaya: a gwada makirufo kafin ranar, kuma in jariri na gaske za a sa, uwarsa ta fito a Maryamu.

Malamar makarantar Lahadi: Na gode ƙwarai. Zan haɗa biyu: labaran talabijin don ƙidaya da tafiya, sannan a kashe allo idan an iso komin dabbobi. Baba, za ku yarda ku karanta mana Luka 2:1-20 a wurin?

Dattijon ikilisiya: Zan karanta, 'yata. Amma ki aiko mini da rubutun wasan in duba kafin ku fara gwaji.