Wa ke riƙe waɗanda suka musulunta a ƙasar Zuru?

Malam Sani: Jama'a, abin nan ya ishe ni. A shiga ƙauyukan Danko da Wasagu, a laƙƙana wa mutum kalmar shahada, a miƙa masa buta da tabarma, a ɗauki hoto, mota ta tashi. Wa zai zauna ya koya masa Fatiha da farillan alwala bakwai? Damina na faɗuwa dangi su hana shi gona, shi ke nan tubabbe ya koma addininsa na da. Alhali yana da kaso a zakka, aya ta 60 cikin Suratut Tauba.

Hajiya Rabi: Tubabbe? Malam, gyara bakinka. Da wannan sunan ake hana su aure har jikokinsu.

Na-Argungu: Hajiya, mi ag gori cikin tuba? Haka munka taras ana hwaɗi.

Malam Bello: Ba daidai ba ne dai. Musulunci ya shafe masa abin da ya wuce, shi ya sa ba ya rama salla ko azumi. Wanka zai yi da niyya, ya game jiki da ruwa, ya cuɗa, ya tsefe gashi. Suna ma ba sai ya sauya ba, sai in na bautar wani abu ne. Inda ake tafka ɓarna wajen aure ne. In mace ta riga mijinta musulunta, ba a ɗaura mata wani sai idda ta cika. In ya biyo ta a ciki, aurensu na nan, babu sabon sadaki. Gado kuwa ya yanke tsakaninsa da dangi, sai wasiyya, ita ma ba ta wuce sulusi.

Na-Argungu: Ba ka ba ni amsa ba. Wane littahi ya hana a ce tubabbe?

Abu Huzaifa: Ku da ke cusa musu wuridi tun ba su iya tahiya ba, har kuna da bakin magana?

Malam Bello: Kai yaro, kafin a kafa Izala a Jos a 1978 wa ya karantar da kakanka Ahalari? Ku ba sai ku fara da koya musu ƙabalu ba, wato kama hannu a salla, mutum ya koma masallacin ƙauye ya ga kowa ya saki hannu, ya ruɗe.

Abu Huzaifa: Baba, kawo hadisin sadalu.

Malam Sani: Ni fa maganar zakka na kawo.

Hajiya Rabi: Janye kalmar tukuna.

Admin: Na rufe. Abin da aka tsayar: Hajiya ta yi gaskiya, wanda ya sake cewa tubabbe zan fitar da shi. 'Yan ƙabalu ne suka ɓata zancen kamar kullum. Batun masu komawa kuwa, Malam Sani bai kawo mana sunan ƙauye ko ɗaya ba.