Panno na ya rage ba da kuran tunda zafi ya shigo, mi ke faruwa?

Ɗan Adar:

Salamu alaikum 'yan uwa. Ina Tawa. Watan Disamba da ya wuce na sa panno guda na wat 200 bisa kwanon ɗakina, da batir guda da ɗan regilatar mai daidaita cajin batir, don tele da amful uku da cajin waya. Lokacin sanyi wallahi kafin azahar batir ya cika taf. To yanzu da Afrilu ta kama, rana kamar ta soya mutum, ni na ɗauka yanzu ne zan sha kuran har in ba maƙwabta, sai ga shi har la'asar regilatar bai nuna ya cika ba, ƙarfe biyun dare vantilo ya tsaya mu fito tsakar gida da tabarma. Yaron da ya haɗa min ya ce wai panno ne ya gaji. Wata huɗu kacal ya gaji? Ko dai jabu aka saida min? Kuma don Allah wani ya fahimtar da ni, shi abin nan ba zafin rana yake sha ba?

Injiniya_Yamai:

Wa alaikumus salam ɗan uwa. A'a, nan ne mutane da yawa ke kuskure, panno haske yake ci, zafi kuwa cutarsa yake yi. Ka duba fuskarsa da kyau za ka ga ƙananan murabba'ai a jere da siraran layuka kamar azurfa sun ratsa su, kowane murabba'i shi ake kira selil. Da silikon ake yin sa, wanda daga yashi ake tace shi. Sai a yi shi hawa biyu, gefe guda a sa masa ɗan fosfor ya samu rarar elektron, wato ƙananan ƙwayoyin lantarki, ɗaya gefen a sa boron ya zama yana da gurabe da babu kowa ciki. Inda suka haɗu sai ya zama kamar gangara mai hanya ɗaya. In haske ya faɗo sai ya fizge elektron daga mazauninsu, gangarar nan ta tura su gefe guda, ba su da hanyar komawa gida sai sun zagaya ta cikin waya, to wannan zagayen nasu shi ne kuran ɗin da ke shiga batir ɗinka. Ba abin da ke ƙonewa ciki ba abin da ke juyawa, shi ya sa panno mai kyau ke kai shekara 20 zuwa 25, maganar ya gaji cikin wata huɗu ba ta taso ba.

Kowane selil rabin volt da ɗan wani abu yake badawa, sai a ɗaura su ɗaya bayan ɗaya, 36 su ba ka wajen volt 18, abin da ke cajin batir mai 12 kenan. To wat 200 ɗin da aka rubuta a bayansa, a ɗakin gwaji aka auna shi, selil na kan digiri 25. Kai kuma bisa kwano a Tawa da tsakar rana gilashin kan kai 60 ko 65, ɗora hannu ka ji in za ka iya. Duk digiri ɗaya da ya hau kan digiri 25 ɗin nan, volt na sauka, kana asarar kusan kashi 0.4 cikin ɗari. Digiri 40 kenan sau 0.4, kashi 16 sun tafi, wat 200 ya koma wajen 168 tun ba a yi maganar ƙura ba. A Disamba iska mai sanyi na busa shi, yana cikin jin daɗinsa.

Amma tambaya, ta yaya aka kafa shi? Kwance yake manne da kwano ko an ɗaga shi?

Ɗan Adar:

Kwance yake malam, da waya ya ɗaure shi jikin kwanon, ko yatsa ba ya shiga ƙarƙashi.

Baba Mai Gyara:

To yaro ai gasa shi kake yi kamar tsire. Je wurin mai walda ya yi maka ƙafafun ƙarfe, a ɗaga shi ko da taki ɗaya ne iska ta riƙa bi ta ƙasa, ya fuskanci kudu, ya ɗan jingina kamar digiri 15 don ƙura da ruwan sama su riƙa zubewa. Sannan yaushe rabonka da wanke shi? Ni kwanaki na hau rufin wani Alhaji da ke ta faɗa wai an cuce shi, na ja yatsa bisa gilashin sai da na rubuta sunana cikin ƙura, ga kashin tantabaru ya bushe ya rufe selil biyu. Kuma tunda a jere suke kamar raƙuman ayari, guda ya durƙusa sauran ma sun tsaya, inuwar reshen bedi ko sandar antan kaɗai ta isa ta karya maka aiki. Muka wanke da tsumma da ruwa, kafin in sauko lambar regilatar ta hau. Da sassafe ake wankewa ko bayan magariba, kar ka watsa ruwan randa kan gilashi mai zafi da rana tsaka, yana iya tsagewa. Kar a sa omo da yawa, kar a kankare da ƙarfe.

Wani abu kuma da Injiniya bai faɗa ba, a Disamba wa ke kunna vantilo? Yanzu kuwa kwana yake yana juyawa. Mai cin wat 50 in ya yi awa 10 ya sha wat-awa 500, wannan fa kusan rabin abin da pannonka ke tarawa a wuni ne in ya yi ƙoƙari. Ni a ganina rabin matsalarka nan take, cikin ya ƙaru abincin bai ƙaru ba. Batir ɗin ma in irin mai ruwan asid ne zafi na cin ransa, fid da shi daga inda rana ke bugu, kuma kar ka riƙa tatse shi har ƙasa, rabi ya isa.

Hajiya Malama:

Na ƙaru wallahi, ni ma haka nawa ke yi. Abin da ke ba ni mamaki abin nan ya daɗe fa, wani Bafaranshe Edmond Becquerel ya gano haske na haifar da lantarki tun 1839 yana ɗan shekara 19, amma sai 1954 aka ƙera selil na silikon mai amfani a Amurka, shi ma kashi 6 cikin ɗari na hasken kawai yake juyawa, na yanzu sun haura 20. Mu ma nan ba baƙi ba ne, Farfesa Abdu Mumuni da jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa ai a kan makamashin rana ya ƙare rayuwarsa. Kuma kai da ke Tawa ga Malbaza nan kusa da kai, tashar megawat 7 tun 2018, mu kuma ga ta Gorou Banda kusa da Yamai mai megawat 30. Irin selil ɗin da ke bisa kwanonka ne, yawa ne kawai. Injiniya don Allah mi ne bambancin regilatar PWM da MPPT, mai shago ya nace min sai na sayi mai tsadar.

Injiniya_Yamai:

Hajiya PWM yana jawo panno ya sauko daidai volt ɗin batir, abin da ya yi sama ya tafi banza. MPPT kuwa yana karɓar rarar volt ɗin ya maida ta amper. In panno ɗaya ne ƙarami mai volt 18 kuma cikin zafin nan namu, ribar ba ta taka kara ta karya ba, riƙe kuɗinki. In manyan nan ne masu volt 30 ko 40 kan batir 12, to dole MPPT, in ba haka ba rabin pannon kika zubar. Ɗan Adar kai ma leƙa takardar da ke manne bayan naka, inda aka rubuta Vmp, wato volt ɗin da yake badawa in yana cikakken aiki, ka faɗa mana lambar.

Ɗan Adar:

Na gode ƙwarai, Allah shi saka. Baba gaskiyarka, tunda aka kafa shi ban taɓa hawa ba. Gobe bayan asuba zan ari tsani wurin maƙwabcina in wanke in ɗauko hoton takardar, yanzu kam kwanon ba ya takuwa.