Neman kalma: me za mu kira "zero" na bindiga da Hausa?

Jama'a, a taimaka mini. Aikin fassara ya kai ni kan wata tambaya: ƙarafan nan biyu da maharbi ke leƙawa ta cikinsu, irin waɗanda ake kwancewa daga kan bindiga, in an mayar da su suna riƙe "zero" ɗinsu? Wanda ya fara aikin ya rubuta "komawa sifili". Na karanta wa mutum uku, babu wanda ya gane. Ɗaya ma ya ɗauka harsashi ne ya ƙare.

Sai na je Kakuri wurin kawuna, tsohon soja da ya yi horo a Jaji, gidansa ba nisa da masana'antar ƙera makamai ta DICON da aka kafa a 1964. Ban gama bayani ba ya katse ni: "Ɗana, ina ruwan sifili a nan? Saiti ne. Inda idonka ya nuna, nan harsashi ya sauka, bindiga ta yi saiti ke nan. In ta kauce, saiti ya gudu."

Ni dai zuciyata ta kwanta da wannan. Tela na cewa saitin keke ya ɓaci, bakanike na gyara saitin taya. Kalmar aro ce, amma ta zauna daram kamar mota da tebur. Wani malami ya ce me ya sa ba za mu ɗauki "bara" ba, tunda muna da "auna bara" tun zamanin baka da kibiya. Ina son kalmar ƙwarai. Matsalarta a rubuce take: barar almajiri, baran gida, bara ta shekarar da ta wuce, duk rubutu ɗaya. Kuma bara aikin maharbi ne, saiti kuwa halin da bindigar ke ciki ne.

To su ƙarafan fa? Tunda saiti ya tafi ga daidaiton, suna bukatar nasu sunan. Shawarata "masaici", a kan awon mabuɗi da ma'auni. Wasu sun fi son "masaiti", amma Hausa na mayar da t zuwa c a irin wannan wuri, shi ya sa rubuta ya ba mu marubuci. Jam'i masaitai, kamar mabuɗai. Na gaba mai tsinke, masaicin gaba. Na baya mai 'yar ƙofa, masaicin baya.

Kawu ya ce su a zamaninsu tambayar ba ta taso ba, don masaitan AK-47 da G3 a jikin bindigar suke. Abin ya yaɗu ne da ƙarfen nan mai gurbi-gurbi da ke kwance a saman bindigogin zamani, wanda sojojin Amurka suka tsayar da ƙa'idarsa a 1995, ake kira Picatinny, sunan wata ma'aikatar makamai a jihar New Jersey. Tazarar gurbi zuwa gurbi milimita 10 ce da ɗigo. Ni tsani na gani da na dube shi, don haka na rubuta "tsanin bindiga". Wani ɗan Kaduna ya ce "dogo", saboda layin jirgi. Wannan ban yanke ba tukuna.

Amsar tambayar kuwa: masaici mai kyau yakan dawo saiti, ko ya zo dab da shi, in an cika sharuɗɗa. A mayar da shi gurbin da aka ciro shi. A tura shi gaba ya jingina da bangon gurbin kafin a ɗaure, domin gurbin ya ɗan fi sandar da ke shiga cikinsa faɗi. A ɗaure noti da ƙarfin da aka ɗaure shi da farko. A share ƙura, mu da muke da ƙurar hunturu mun san yadda take shiga ko'ina.

Kawu ya ɗauko biro ya yi mini lissafi a bayan ambulan. In tsakanin masaitan biyu santimita 37 ne, ɗaya ya goce da kashi ɗaya cikin goma na milimita, kaurin takarda ke nan, a nisan mita 100 harsashi zai kauce kusan santimita 3. Ya ɗaga ambulan ɗin ya nuna mini gefensa. Shi ya sa, in ji shi, duk wanda ya kwance ya mayar, sai ya koma filin gwaji ya tabbatar.

Ga yadda na rubuta jimlar yanzu: "Shin masaitan da ake cirewa suna dawowa saiti in an mayar da su?" Tsofaffin sojoji da 'yan sanda da ke nan, haka kuke faɗa a bariki? Kuma tsani ko dogo?