Hedimasta ya ce mu gina gangaren keke da kuɗinmu kafin a karɓi 'yata

Mahaifiyar yarinya: Assalamu alaikum. 'Yata shekararta 7, ƙafafunta ba sa ɗaukarta tun tana jaririya, amma tana ji, tana gani, kuma ta haddace izu biyu a gida. Firamaren gwamnati da ke bayan layinmu tana da matakala uku a ƙofar kowane aji, kuma hedimasta ya ce zai karɓe ta idan muka biya naira 150,000 aka yi gangaren siminti da kekenta zai hau. Mahaifinta yana ganin mu biya a wuce wurin, ni kuwa ina tsoron mu biya na aji ɗaya, baɗi a mayar da ita wani ajin. Wanda ya taɓa shiga irin wannan hali ya ba ni shawara.

Wani dattijo: Wa alaikumus salam, 'yata. Ki kai ta makarantar Tudun Maliki da ke Kano, domin irin waɗannan yara aka kafa ta, kuma hankalinki zai fi kwanciya.

Malamar firamare: Baba, a gafarce ni, waccan makarantar kurame da makafi ce, yarinyar nan kuwa matakala ce kawai ta tsaya tsakaninta da allo. Hajiya, kada ki biya. Dokar hana nuna wariya ga masu nakasa, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyoyin shigarsu, kuma wa'adin ya cika tun farkon 2024. Ki rubuta takarda ga kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma da ke sa ido kan gudanar da makarantar, ki kai kwafi ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma.

Tela mai keken hannu: Malama, takarda ba ta hawa matakala. Shan inna ya kama ni ina shekara 3, kuma a firamarenmu da rarrafe nake shiga aji har gwiwoyina suka yi kanta. Abin da ya kore ni daga makaranta banɗaki ne. Ƙofarsa ba ta shigar keke, ƙasansa kuwa kowa ya san yadda yake, saboda haka na daina shan ruwa da koko da safe don kada buƙata ta kama ni. Wata rana ina aji biyar abin ya fi ƙarfina a gaban yara sama da 80, malamin kuma ya sa aka fitar da ni ana dariya. Ban sake komawa ba. Yau shekaruna 41, ina ɗinka wa 'ya'yan waɗanda suka yi mini dariya kayan makaranta, kuma har yanzu abin yana ci mini rai. Yaya, ki je ki duba banɗakin da idonki kafin ki ba kowa ko kwabo.

Birkila: Allah ya saka maka, Malam. Batun kuɗi kuwa, 150,000 ta yi yawa ƙwarai. Na yi wa masallacin unguwarmu irinsa da buhun siminti uku da yashi da tsakuwa, bai kai 60,000 ba.

Mahaifin 'yan biyu: Namu ya ci 210,000, domin mai walda ya sa ƙarfen riƙewa gefe biyu, kuma an faɗaɗa ƙofa. Na arha yakan yi tsayuwar da yaro ba zai iya tura kansa ba. Ina kuma tabbatar miki, Hajiya, ba za ta rasa mai turawa ba, domin a ajin ɗana har rabon faɗa ake yi a kan wanda zai riƙe keken.

Malamar firamare: Shekarata 19 ina koyarwa, na san yadda ake bin ofis a samu aiki. Idan kowane uba ya biya daga aljihunsa, 'yar wanda ba shi da shi za ta ci gaba da zama a zaure.

Tela mai keken hannu: Ni kuma shekarata 38 a ƙasa, Malama, kuma ba a taɓa tambayar irinmu ba ranar da ake zana ginin aji. Kafin takardarki ta dawo, zango biyu ya wuce yarinyar.

Wata uwa: Tunda an taɓo banɗaki, a tamu makarantar masai biyu ne ga ɗalibai mata duka, ɗaya ma ba shi da ƙyaure, kuma manyan 'yan mata gida suke zama duk lokacin da suke al'ada. Kowane zango ƙungiyar iyaye da malamai tana karɓar naira 500 a kan kowane yaro da sunan gyara. Na tambayi inda kuɗin yake shiga a taron da ya wuce, shugaban ya ce mata su bar wa maza maganar lissafi.

Mahaifiyar yarinya: Na je da safen nan na auna ƙofar banɗakin da igiya kamar yadda Malam ya ce, keken ya fi ta faɗi da kusan taƙi ɗaya. Hedimasta ya ce wannan ba ya cikin 150,000 ɗin.