Alamu huɗu na Ikilisiyar gaskiya: a Katolika kaɗai suka cika?

Ɗan Mabera: Salama gare ku iyayena. An koya mana cewa alamun Ikilisiyar gaskiya huɗu ne: ɗaya ce, mai tsarki ce, ta dukan duniya ce, ta manzanni ce, kuma a Katolika kaɗai suka cika. Abokina na ECWA ya ce sam. Ina neman haske.

Katikis: Ɗana, ba mu muka ƙago su ba. Suna cikin shaidar bangaskiyar da aka fara a Nikiya a 325, aka kammala a Konstantinoful a 381. Majalisar Vatican ta biyu, babban taron bishop-bishop na Katolika, ta faɗa a 1964 cewa Ikilisiyar da Almasihu ya kafa tana nan tabbace a Katolika, ƙarƙashin magajin Bitrus da bishop-bishop da ke tare da shi. Ta kuma ce akwai gaskiya da tsarki masu yawa a waje da ita.

Dattijo na ECWA: Malam Katikis, Angilikan da Lutaran ma suna karanta wannan shaida, ba wanda ya ƙi huɗun. Inda muka rabu shi ne "ta manzanni". Ayyukan Manzanni 2:42 ta ce masu bi sun dage ga koyarwar manzanni. Shi ya sa a garin Ogsbog na Jamus a 1530 mutanen Martin Luta, wato Lutaran, suka ce Ikilisiya tana wurin da ake wa'azin bishara tsantsa, ake kuma yin baftisma da Jibin Ubangiji daidai.

Katikis: Baba, to wa zai ce tsantsa ce? Kowane mai wa'azi haka yake faɗa. Wajen shekara ta 180 wasu suka taso suna cewa suna da koyarwar asiri daga manzanni. Ireniyus, bishop na Liyon, bai tsaya ga jan aya kawai ba, ya jero bishop-bishop na Roma daga Linus har zuwa Elutariyus na zamaninsa, don a ga hannun da koyarwa ta biyo. A nan Sakkwato ma za ka iya ƙirga bishop-bishop ɗinmu: Lawton, Dempsey, Aje, sai Kukah tun 2011, kowanne bishop-bishop ne suka ɗora masa hannu, su ma an ɗora musu. Mu da muke zaune da malaman garin nan mun san ba a karɓar hadisi babu isnadi.

Dattijo na ECWA: Malaman nan ba isnadi kaɗai suke dubawa ba, har matani suna aunawa. Bulus ya ce wa Galatiyawa ko shi da kansa, ko mala'ika daga sama, ya kawo wata bishara dabam, kada a karɓa. Sannan Otodoks, wato Ikilisiyoyin Gabas, suna da wannan jerin hannuwa, amma tun 1054 ba sa ƙarƙashin Fafaroma. Su fa?

Katikis: Roma ta yarda bishop ɗinsu na gaske ne, Jibinsu na gaske ne. Takardar Vatican mai suna Dominus Iesus ta 2000 ta faɗi haka. Abin da ya rage musu shi ne tarayya da kujerar Bitrus, kuma nan ne alamar ɗayantaka take. Matiyu 16:18, inda Yesu ya ce wa Bitrus a kan wannan dutse zai gina Ikilisiyarsa.

Maman Tabita: Ni tsarkin ne ya tsaya mini a rai. Cinikin takardun gafara da ya tayar da Luta a 1517 ya faru. Cin zarafin yara da wasu fada-fada suka yi a Amurka da Turai ya faru, wasu manya kuma suka rufe. Ni 'yar Katolika ce, a nan aka yi mini baftisma, amma in na ce wa maƙwabciyata tsarki alamarmu ce, da wane baki?

Katikis: Mama, abin ya faru, kuma abin kuka ne. Tsarkin daga Almasihu yake, ba daga halin fada ba. Majalisar 1964 ɗin ma ta ce Ikilisiya mai tsarki ce, kullum kuma tana bukatar tsarkakewa. Alkama da ciyawa tare suke girma har ranar girbi.

Maman Tabita: Na ji. Amma alama ai abin da ido ke gani ne. In sai an yi mini bayani kafin in gane ta, yaya na waje zai gane?

Katikis: Ana gani, a jikin waɗanda suka ba da ransu. Shahidan Uganda da aka ƙone a Namugongo a 1886. Michael Nnadi, ɗalibin fada na wannan dayosis ɗin namu, ɗan shekara 18, da aka sace a Kaduna aka kashe a farkon 2020.

Dattijo na ECWA: Allah ya ji ƙansa, mun yi kukansa tare da ku. Amma a Uganda Katolika 22 ake ƙirgawa, Angilikan 23, wasunsu wuta ɗaya ta ci su. A Janairun 2020 ɗin kuma Boko Haram suka kashe Rabaran Lawan Andimi na EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, bayan ya fito a bidiyo yana miƙa lamarinsa ga Allah. In jinin shahidai alama ce, ba a gida ɗaya kaɗai ya zuba ba.

Katikis: Ban musa ba, Baba, Roma ma tana girmama su. Abin da muke cewa, huɗun a haɗe, ba ɗaya a ware ba.

Ɗan Mabera: To Baba Katikis, abokin nawa, Kirista ne a wajenmu ko kuwa?

Katikis: Kirista ne, ɗan uwanka ne. In an yi masa baftisma da ruwa cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ko ya shigo Katolika ba za a sake masa ba. Teburin Jibi ne ba mu kai ga haɗawa ba tukuna.