Sun canza wa ƙanwata allurar barci ba su faɗa mana ba

Baban Ummi: Salamu alaikum. Raina a ɓace yake. Tun da ƙanwata ta haihu ta daina ci, ta daina magana, ko jaririn ba ta kallo. Aka kwantar da ita, aka fara yi mata maganin lantarki a kai sau biyu a mako. Karo uku na farko farar allurar nan mai kama da madara aka yi mata, furofofol, ta farka lafiya har ta nemi shayi. Jiya sai suka koma ketamin. Ta farka tana fizge-fizge, ta ƙanƙame hannun Inna tana cewa bango na matsowa. Wallahi don araha suka yi, maganin doki ne fa.

Anti Nas: Allah ya ba ta lafiya. Amma ka janye kalmar doki. Mata nawa aka yi wa tiyatar haihuwa da ketamin a asibitocin ƙauye, inda babu na'urar numfashi? Yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya.

Ɗan Dabbobi: Anti, ai bai yi ƙarya ba. Mu muna yi wa dawaki da maguna shi.

Anti Nas: Penisilin ma kuna yi musu. Sai ya zama maganin akuya?

Ɗan Dabbobi: Matsalarku ke nan, kun raina likitocin dabbobi. Shekarun da muka yi a jami'a ba ku yi su ba.

Mai Allurar Barci: Ku saurara. Amfanin lantarkin shi ne 'yar jijjigar da yake tayarwa a ƙwaƙwalwa, ta wasu daƙiƙoƙi. Furofofol na gajarta ta, shi kansa ana tsayar da farfaɗiya da shi. In ta yi gajarta sosai akan koma etomidet ko ketamin. Ketamin kuwa yana ɗaga jini, yana sa gane-gane wajen farkawa. Abin da ka gani ke nan, Yaya. Laifinsu rashin yi muku bayani.

Maman Khalifa: Jijjiga? Wato da gangan ake sa wa mai jego farfaɗiya? Innalillahi. An ma gwada ruƙiyya kuwa?

Baban Ummi: An yi, Hajiya. Wata guda ana yi.

Maman Khalifa: Wata guda ai ba a fara ba.

Kawu na Zariya: Ku gode wa Allah da akwai allurar ma. A 1938 wani likita, Ugo Cerletti, ya fara wannan maganin lantarki a birnin Rum, mutum idonsa biyu, ana danne shi, wasu har ƙashin baya ke tsagewa. Sai a shekarun 1940 aka fara amfani da allurar da ke sassauta tsoka. Indiya ma sai a dokar 2017 ta hana yin sa ba barci.

Ɗan Dabbobi: Duk wannan tarihi bai hana shi zama maganin doki ba, Kawu.

Anti Nas: Irin wannan magana ce ke sa dangi su sace mara lafiya daga gado da dare. Na gani da idona.

Maman Khalifa: Da kuna yi wa mutane bayani da fara'a, da ba su gudu ba.

Anti Nas: Ki zo ki yi kwana ɗaya a ɗakin, Hajiya, mu ga fara'arki.

Admin: Ya isa haka. Abin da na fahimta: Anti ta yi gaskiya, ketamin maganin mutane ne, ma'aikatan asibiti sun san aikinsu, kuma Baban Ummi da Ɗan Dabbobi su janye kalmar doki. An rufe.

Baban Ummi: Na janye. Amma jibi ne karo na biyar, Inna ta ce ba za ta sa hannu ba. In roƙe su su mayar da farar, ko in tambayi ɗaya allurar da aka ambata, etomidet?